Jarumi da Maciji: Tambayoyi da Amsoshi Kan Hikayar da Duniya Ta Daɗe Tana Zanawa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ji labarin baƙon da ya sauka Daura da dare, ya nemi ruwan da zai shayar da dokinsa, tsohuwa Ayana ta ce masa ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a saboda macijin da ke cikin rijiya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, labari mai wannan kama yana nan a Girka da Indiya da Farisa da Japan, kuma mutanen can sun shafe dubban shekaru suna zana shi a jikin tukwane da bangon kaburbura da shafukan littattafai. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kan wannan batu, da abin da ya sawwaƙa na amsa.

Waɗannan labaran tatsuniya ce ko tarihi?

Malaman adabin baka sun raba su. Tatsuniya ita ce wadda ake buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", mai bayarwa da mai sauraro duk sun san Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa rayuwa ba. Tarihihi kuwa labari ne da ya jingina da wuri na gaske da mutanen da ake jin sun rayu, amma baki ya yi ta ƙara masa gishiri. Labarin Bayajidda a nan yake. Sai kashi na uku, labaran da wata al'umma ta riƙa a matsayin gaskiyar addininta: yadda aka yi sama da ƙasa, wa ke saukar da ruwa, me ke sa rana ta fito kowace safiya. Su zan riƙa kira hikaya.

Wannan rabe-raben yana da amfani ga mai kallon zane. Ba sarkin da zai tara masassaƙa su yi shekara da shekaru suna fafe dutse saboda labarin da ake ba yara kafin barci. In ka ga an kashe wa labari dukiya haka, to masu shi sun yi imani da shi, ko kuma sarautarsu a kansa ta tsaya.

Me ya sa kusan kullum faɗan a bakin ruwa ake yin sa?

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk batun. A tsofaffin waƙoƙin Indiya na Rigbeda, macijin da ake kira Biritra ya nannaɗe ruwan duniya ya hana shi gudana, sai Indra, ɗaya daga cikin allolinsu, ya buge shi da makaminsa na tsawa, koguna suka ɓalle. A Girka, macijiya mai kawuna da yawa da jarumi Herakles ya kashe a fadamar Lerna take zaune, wurin da maɓuɓɓugai suke. Dodon da Jirjis, waliyyin Kiristoci, ya soka da mashi a tafki yake. A Japan, macijin Orochi mai kai takwas da wutsiya takwas a gefen kogin Hii na yankin Izumo ya addabi mutane. Namu kuma a rijiyar Kusugu.

Wasu daga cikin labaran 'yan uwan juna ne na jini. Kalmar maciji a tsohon harshen Indiya "ahi" ce, a tsohon harshen Farisa kuma "azhi", saboda kakannin al'ummomin biyu harshe ɗaya suka taɓa yi, labarin ma tare suka gaje shi. Amma ba na ganin sai an ce kowa aro ya yi. Maciji yana son sanyin bakin ruwa, matar da ta fita ɗiban ruwa da asuba ita ke fara cin karo da shi, kogi kuma in ka hango shi daga kan tudu tafiyar maciji yake yi. Sannan a garin da rijiya ɗaya ce, wanda ya tare ta ya mallaki kowa. Ba mamaki da macijin Daura sunansa Sarki.

Wane labarin waje ne ya fi kama da na Bayajidda?

Na Kadmus, wanda Girkawa suke cewa shi ya kafa birnin Tebes. Shi ma baƙo ne daga gabas, ɗan sarki daga ƙasar Finikiya, wato gaɓar Lebanon ta yau. Ya fito neman ƙanwarsa, aka umarce shi ya bi wata saniya, inda ta kwanta ya kafa gari. Da ta kwanta sai ya aiki mutanensa su ɗebo ruwa a wata maɓuɓɓuga, macijin da ke gadin wurin ya hallaka su. Kadmus ya je da kansa ya kashe shi. Ya shuka haƙoransa a ƙasa, mayaƙa suka tsiro suka yi ta kashe juna har saura biyar, kuma manyan gidajen Tebes daga waɗannan biyar ɗin suke ƙirga asalinsu. Baƙo, ruwa, maciji, aure da mace mai daraja, sai zuri'ar da ta zama tushen sarauta: in ka jera shi da Bawo da Hausa Bakwai, kamar ba ta ɓuya.

Akwai wata babbar tukunya a gidan tarihi na Louvre da ke birnin Faris, an yi ta a kudancin Italiya wajen shekara 350 zuwa 340 kafin Miladiyya. Kadmus na tsaye, hannu ɗaya ya ɗaga dutse zai jefa, ɗayan kuma yana riƙe da tulu. Wannan tulun shi ne ya fi burge ni. Mai zanen bai ba shi sulke da rundunar yaƙi ba, ya bar shi a matsayin mutumin da ya zo ɗiban ruwa aka tare masa hanya. Labarin kuma bai ƙare da daɗi ba: a tsufansu, Kadmus da matarsa Harmoniya su ma macizai suka koma.

Su wa suka fi dadewa suna zana wannan faɗa?

Misirawan dauri suna sahun gaba. A imaninsu rana tana shiga jirgin ruwa da dare ta ratsa ƙarƙashin ƙasa, wani ƙaton maciji mai suna Apep yana tare ta kowane dare yana neman ya hana gari wayewa. Ana kayar da shi, amma ba ya mutuwa. Gobe ma yana nan.

A ƙauyen Deir el-Medina, inda ma'aikatan da suka haƙa kaburburan fir'aunoni suka zauna, akwai kabarin wani shugaban ma'aikata mai suna Inherkau, na ƙarni na 12 kafin Miladiyya. A bangonsa an zana wani muzuru mai dogayen kunnuwa kamar na zomo, zaune a gindin bishiya, ya danne kan macijin da ƙafa ɗaya, ɗayar kuma riƙe da wuƙa yana yanka shi. Muzurun ita ce rana a wata siffar tata. Duk wanda ya taɓa ganin kyanwa ta tsare maciji a tsakar gida zai gane daga inda mai zanen ya ɗauko abinsa.

Abin lura, ga Bamisire zane ba ado ba ne kawai, makami ne. Shi ya sa da wuya ka ga an zana Apep a sake: ko an sassoke shi da wuƙaƙe, ko an ɗaure shi, ko ana cikin yanka shi, don suna tsoron hoton kansa ya yi ɓarna. Limaman gidajen bautarsu har siffarsa suke yi da kakin zuma, su tofa mata yawu, su tattake ta, su jefa a wuta. Duk da haka, mutanen nan ɗaya su ne suke ɗora gamsheƙa a goshin sarkinsu don ta tsare shi, kamar yadda ake gani a fuskar zinare ta Tutankamun.

Hoton nan da ke yawo a intanet da sunan Marduk da Tiyamat, shi ne kuwa?

A'a. Labarin dai gaskiya ne yana cikin allunan yumɓu bakwai na Babila: Marduk, babban allahnsu, ya kashe Tiyamat, uwar ruwan teku, ya tsaga ta biyu ya yi sama da ƙasa, kogunan Dijla da Furat suka kwararo daga idanunta. Amma hoton mai fukafukai da ke korar wata dabba mai kan zaki an kwafo shi ne daga wani sassaƙen dutse na Nimrud, a Iraƙin yau, na ƙarni na 9 kafin Miladiyya, kuma masana sun fi karkata ga cewa wani allahn ne daban, Ninurta, yake fatattakar tsuntsun Anzu. Dodon Marduk na gaske yana jikin Ƙofar Ishtar ta birnin Babila da Nebukadnezzar na biyu ya gina wajen 575 kafin Miladiyya: kan maciji, ƙafafun gaba na zaki, na baya na gaggafa, a kan tubali shuɗi mai ƙyalli. Ba faɗa ake yi da shi ba, gadin gari yake. Jamusawa sun kwashe tubalan suka sake harhaɗa ƙofar a Berlin.

Shin zane yana iya riƙe labari kafin a rubuta shi?

Ƙwarai kuwa, kuma ga misali mai kyau daga arewacin Turai. An ce Tor, allahn tsawarsu mai guduma, ya shiga kwalekwale ya saƙala kan bijimi a ƙugiya ya kamo macijin da ya kewaye duniya. Wajen 1220 Snorri Sturluson na ƙasar Iceland ya rubuta cewa da macijin ya fizga, Tor ya dage har ƙafafunsa suka huda gindin jirgin. Mai karatu zai iya cewa ƙarin gishirin marubuci ne. To amma a Altuna ta ƙasar Suwidin akwai wani dutse da aka sassaƙa a ƙarni na 11, kusan shekara 200 kafin Snorri, ga mutum nan a jirgi da guduma a hannu, ga ƙafarsa ta leƙo ta ƙarƙashin jirgin. Wannan 'yar ƙafar ta tabbatar da cewa labarin ya yi ƙarnuka yana yawo a baki, daga ƙasa zuwa ƙasa, ba tare da wannan ɗan bayani ya faɗi ba. Masu raina abin da kaka ta gaya wa jika, su dubi dutsen Altuna.

Wane ne mahayin farin dokin nan da ake gani yana sukar dodo a zane-zanen Kirista?

Jirjis ke nan, wanda Ingila ke kira George, Habasha kuma Giyorgis. Kiristoci suna girmama shi a matsayin sojan Rum da aka kashe saboda addininsa wajen shekara ta 303. Tsofaffin labaransa babu dodo a ciki. Sai a ƙarni na 11 labarin ya bayyana a ƙasar Jojiya, sannan wani malamin coci ɗan Italiya, Jacobus de Voragine, ya saka shi a littafinsa na tarihin waliyyai wajen 1260, daga nan ya game Turai. A wannan ruwaya garin yana Libiya ne, dodon yana tafki, ana ba shi tumaki biyu kullum, da tumaki suka yi ƙaranci aka koma ƙuri'a a kan 'ya'yan mutane, har ta faɗa kan 'yar sarki.

Siffar mahayi mai mashi ta girmi labarin. A Louvre akwai wani sassaƙe daga Masar na ƙarni na 4, Horus, allahn Misirawa mai kan shaho, sanye da kayan sojan Rum, a kan doki, yana soke kada. Canja kan, ka samu Jirjis.

Kowace al'umma kuma ta ba dodon fuskar abokin gabarta. A babbar cocin Stockholm akwai wani ƙaton sassaƙen itace da aka ƙaddamar a 1489, ƙayoyin jikin dodon da ƙahonnin barewar arewa aka yi su. An yi shi ne bayan Suwidin ta ci Denmark a yaƙin Brunkeberg na 1471, kuma an daɗe ana fassara shi da cewa 'yar sarkin ita ce Suwidin, dodon kuma sarkin Denmark. A Habasha, bayan nasarar Adwa a kan Italiya ranar 1 ga Maris 1896, masu zane sukan sa Giyorgis a sararin sama bisa farin dokinsa, yana taya rundunar Menelik yaƙi. A al'adar zanen Habasha mutumin kirki ana nuna fuskarsa duka da ido biyu, mugu kuwa ta gefe da ido ɗaya, saboda haka kallo ɗaya za ka yi ka san wa mai zanen yake so.

Paolo Uccello na Italiya, a zanensa na wajen 1470 da ke Landan, ya haɗa lokaci biyu a allo ɗaya: mashi yana shiga kan dodon, a daidai lokacin kuma gimbiya ta riga ta ɗaure shi da ɗamararta tana riƙe da shi kamar akuya. Zane ba shi da "sai kuma", dole mai yin sa ya zaɓi ƙiftawar ido ɗaya ko ya yi dabara irin wannan.

Da gaske ne Andromeda baƙar fata ce amma Turawa suka zana ta fara?

Da ƙamshin gaskiya sosai. A hikayar Girka, ita 'yar sarkin Aitiyopiya ce, aka ɗaure ta a dutsen bakin teku don dodon ruwa ya cinye ta, Perseus ya cece ta. Aitiyopiya a bakin Girkawa tana nufin ƙasar masu ƙonanniyar fuska, sunan da suke ba baƙaƙen mutanen kudu da Masar, ba lallai Habashar yau kaɗai ba. Mawaƙin Rum, Ovid, ya ambaci duhun fatarta a wasu waƙoƙinsa, amma a wani wurin ya kamanta ta da mutum-mutumin marmara saboda yadda ta sandare. Masu zanen Turai suka riƙe marmara suka saki sauran. Titian, da ya zana ta ga sarkin Sifen Filibus na biyu a shekarun 1550, fara sol ya yi ta, haka Rubens bayansa. Kaɗan ne suka saɓa, kamar Abraham van Diepenbeeck da zanensa ya fito a wani littafi na 1655 da ita baƙa.

Abin yana ci mini rai, domin yaro ɗan Afirka zai buɗe littafi ya ga wannan hoto bai san labarin ya ce daga nahiyarsa take ba. Mutum ɗari za su ga zane kafin ɗaya ya karanta waƙar.

Musulmi fa, sun taɓa zana irin waɗannan labarai?

Sun zana, kuma wasu daga cikin mafi kyawun zanen dodo a duniya daga hannunsu suka fito. Tushen mafi yawansu littafin Shahnama ne, wato littafin sarakuna, wanda Firdausi mutumin Tus ya kammala a 1010 bayan kusan shekara 30 yana aiki, baiti wajen 50,000. A ciki akwai Zahhak, sarkin da Iblis ya sumbaci kafaɗunsa macizai biyu suka tsiro, ba sa lafawa sai an ciyar da su ƙwaƙwalwar samari biyu kowace rana. Wanda ya fara tayar masa da tawaye maƙeri ne mai suna Kawa, da ya ɗaura warkinsa na fata a kan mashi ya mai da shi tuta, har jarumi Faridun ya zo ya ɗaure azzalumin a dutsen Damawand. A nan macijin ba ya rijiya, yana jikin mai mulki. Nakan tuna cewa wuƙar Bayajidda ma maƙeran Gaya aka ce sun ƙera ta.

Kwafin da ya fi shahara shi ne wanda aka yi wa Shah Tahmasp a Tabriz daga shekarun 1520, mai zane 258. A 1568 aka kai shi kyauta ga sarkin daular Usmaniyya ta Turkiyya, Salim na biyu. Ya zauna a haɗe shekara ɗaruruwa, sai wani attajirin Amurka, Arthur Houghton, da ya saye shi a 1959, ya farke ɗinkin ya rarraba shafukan: 78 ya ba gidan tarihi na Metropolitan a New York, wasu ya sayar. A 2011 shafi ɗaya tak, wanda ke nuna Faridun ya rikiɗa ya zama dodo don ya gwada 'ya'yansa uku, an sayar da shi fam miliyan 7.4 a Landan. Ba ni da wata kalma ga farke littafi irin wannan sai ɓarna.

Idan ka ƙura wa dodon waɗannan shafuka ido, za ka ga jiki mai lanƙwasa da harsunan wuta suna tashi daga kafaɗu. Wannan siffar daga Sin ta zo, bayan da Mongol suka mallaki Farisa a ƙarni na 13 kayan alharini da tangaran na gabas suka cika fadoji. Kafin nan ma akwai macizai a jikin gine-gine: Ƙofar Ɗalsam ta Bagadaza, da Halifa an-Nasir ya gina a 1221, tana da sassaƙen mutum zaune yana riƙe da harsunan dodanni biyu, har zuwa 1917 da aka tarwatsa ta. Amma a lura, zanen mutane irin na Shahnama a littattafan fada yake, ba a masallaci ko Alƙur'ani ba.

To, karanta labaran allolin wasu ba zai taɓa imanin mutum ba?

Sanin abin da wasu suka yi imani da shi daban, yin imani da shi daban. Al-Biruni ya koyi harshen Sanskrit ya rubuta littafi guda a kan addinin Indiyawa wajen 1030, kuma yana Musulminsa. Hukuncin yin zane ko ajiye shi kuwa fagen malamai ne, a tambaye su.

Ko'ina maciji mugu ne a cikin zane?

Ko kusa. A Sin dodon da suke kira "long" shi ke kawo ruwan sama, manomi roƙonsa yake yi, ba tsoronsa ba. Tsofaffin masanansu sun ce yana da ƙahon barewa, kan raƙumi, wuyan maciji, ɓawon kifi, faratan gaggafa da kunnen sa. A daulolin Ming da Qing, mai farce biyar na sarki ne shi kaɗai. Chen Rong ya zana tara a wata doguwar takarda a 1244, tana Boston yanzu, tsawonta ya haura mita 10. Da baƙar tawada kusan ya yi aikin duka, dodannin suna nitsewa cikin gajimare da igiyar ruwa suna ɓullowa, har ba ka iya raba jikinsu da hadarin. Ba mashi, ba jarumi, ba jini.

A Angkor Wat ta Kambodiya, ginin ƙarni na 12, akwai bango mai tsawon kusan mita 49 da aka sassaƙe da labarin kaɗa tekun madara. Dutsen Mandara shi ne maburgi, macijin Basuki shi ne igiya, alloli sun kama wutsiya, abokan gabarsu sun kama kai, ana ja ana saki don a fitar da ruwan dawwama. A ƙasa kuma ga kifaye da kadoji sun kakkarye saboda ƙarfin kaɗawar, abin da ya nuna masassaƙin ya yi tunani har a kan waɗanda aikin manya ya rutsa da su.

A Teotihuacan ta Meziko, wajen shekara ta 200, an jera kawunan maciji mai gashin tsuntsu a jikin dala, da ƙwaryar dodon koɗi a lanƙwasar jikinsa, alamar ruwa. A bangon fadar sarakunan Abomey ta Jamhuriyar Benin akwai macijin bakan gizo mai launi-launi yana cizon wutsiyarsa. Mu ma ai in bakan gizo ya fito hadari ya watse, cewa muke ya shanye ruwa.

In an kashe macijin, kullum alheri ke biyo baya?

Ba kullum ba, kuma amsar mafi ƙarfi daga maƙwabtanmu take. Soninke suna cewa daular Wagadu, wadda Larabawa suka kira Ghana, arzikinta a hannun macijin Bida yake: yana ba da ruwa da zinare, ana ba shi budurwa duk shekara. Da aka zaɓi Siya Yatabare, saurayinta ya sare kawunansa bakwai. Kan ƙarshe ya tashi sama yana la'anta, aka yi shekara bakwai ba ruwa, zinare ya ƙaura, jama'a ta watse. A Daura mai kisan ya sami sarauniya, a Wagadu ya ceci mace ɗaya ya rasa ƙasa. Dani Kouyaté na Burkina Faso ya yi fim a kan labarin a 2001, inda ya mai da tambayar kan masu mulkin da suke cin moriyar tsoron jama'a.

A Indiya kuma akwai inda ba a kisa sam. Macijin Kaliya ya zuba dafi a kogin Yamuna, Krishna, ɗaya daga cikin allolin Hindu, yana yaro ya hau kansa ya yi ta rawa har ya sallama, matansa suka roƙa, aka bar shi ya koma teku. Maƙeran tagulla na daular Chola, a kudancin Indiya, sun zuba wannan siffa ta hanyar kakin zuma irin ta maƙeran Ife da Bini: yaro a kan ƙafa ɗaya, hannun hagu riƙe da wutsiya, na dama a buɗe yana cewa kada a ji tsoro, macijin kuma ya haɗa tafukansa yana neman afuwa.

Akwai ma inda maciji ke cin nasara. Ranar 14 ga Janairu 1506 aka tono wani sassaƙen marmara a wata gonar inabi a Rum, har gwanin sassaƙa Michelangelo ya je gani: Laokun, limamin Taroy da ya gargaɗi mutanensa kada su shigo da dokin katakon da mayaƙan Girka suka ɓuya a cikinsa, macizai biyu sun nannaɗe shi da 'ya'yansa biyu. Hannunsa na dama ya ɓace, masu gyara suka sa masa miƙaƙƙe, sama, irin na mai fafutuka. A 1906 aka tsinci hannun na asali a wurin wani mai sassaƙa a Rum, ashe a lanƙwashe yake zuwa bayan kai. An yi shekara ɗaruruwa ana kallon jarumi, alhali mai aikin mutumin da ƙarfinsa ke ƙarewa ya sassaƙa.

Ya taɓa faruwa hoto ya riga labari?

Ya faru a nan Afirka ta Yamma. Hoton Mami Wata da ake gani a kudu, mace mai yalwar gashi da maciji a wuya, asalinsa tallan wata mai wasa da macizai ne da aka buga a Hamburg a shekarun 1880. Ya iso gaɓar teku, mutanen da dama suna da imani da iskokin ruwa suka ce ga ta nan. Daga baya aka yi ta sake buga shi a Indiya ana kawowa kasuwanni, masassaƙa suka kwaikwaye shi har da tsagar gashin.

Me ya sa mu ba mu da tsofaffin zane-zanen Bayajidda da macijin Kusugu?

Saboda gwanintar Bahaushe ta bi wata hanyar. Maginanmu da maɗinka da dukawa da masu sassaƙar ƙwarya sun fi ƙarfi a zayyana: dagi, aska takwas, tambari, layi da kewaye da ke shiga juna, kuma Musulunci ya ƙarfafa nisantar siffar mai rai. Labari kuwa aka bar wa baki, ga maroƙa da makaɗan fada da tsofaffi, aka kuma jingina shi da abin da hannu ke taɓawa. Girkawa suna nuna tukunya, mu muna nuna rijiyar kanta. Tana nan a Daura an yi mata gini, baƙi suna zuwa su zura guga su sha, kuma ana cewa wuƙar tana cikin kayan tarihin fada.

Zanen da ake gani yanzu a littattafan makaranta da intanet na zamanin nan ne, kuma galibi lokacin sara suke zaɓa: namiji ya ɗaga takobi, maciji ya fasa kai. Ni da wani ɗanmu mai zane zai nemi shawarata, zan ce ya duba sauran labarin. Akwai Ayana tsaye a ƙofar ɗakinta da dare, tana kallon baƙon da ya karɓi gugarta bai ji gargaɗi ba. Akwai fadar Daurama da safe, masu ƙarya suna ta cewa su suka kashe, ana ce musu su kawo kan. Akwai kuma matan gari da tulunansu a bakin Kusugu, sun tsaya nesa kaɗan suna leƙe, ranar ba Juma'a ba, ana jiran wadda za ta fara zura guga.